Daminar da Tina Ta Taɓa Hantar Maigidana

Maigidana mai fenti ne, amma ba na gini ba. Nasa na feshi ne: ƙofofin ƙarfe, gadaje, kujeru, tankin babur, duk abin da mai shi yake so ya fito yana ɗaukar ido. Shagonsu yana bayan tasha a nan Zuru, ɗaki ne dogo mai rufin kwano da ƙananan tagogi. Na ce shagonsu domin ba shi kaɗai ba ne. Gaban ɗakin na wani kafinta ne, Badakkare, tsohon soja, wanda ya kama sana'ar katako bayan ya ajiye kaki. Shi zai yanka ya haɗa ya tura ciki, maigidana ya goge ya fesa. Tun kafin a kawo ni gidan suke tare. Kowa a unguwa Baba Soja yake ce masa, haka na tarar, haka nake kira.

Ni malamar firamare ce, ban san komai a kan fenti ba sai abin da yake biyo maigidana gida. Na dai san tina. Ruwa ne garau kamar kananzir, da shi ake tsinka fenti har ya iya bi ta bakin bindigar feshi, da shi ake wanke kayan aiki idan an tashi. Da shi kuma maigidana yake wanke hannu. Zai tsiyaya a tsumma ya murje yatsunsa har gwiwar hannu, ya ɗauraye da sabulu, ya zauna cin tuwo. Na yi shekaru ina kallon wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba. Makanikai ma ai da fetur suke wanke nasu.

A daminar da nake ba da labari, cocin su Baba Soja a Dirin Daji suka gama sabon gini, suka ba shi aikin bencuna, waɗanda za su cika ɗakin ibadar gaba ɗaya. Suna so a kai musu kafin bikin godiyar da suke yi idan amfanin gona ya fara shigowa gida. Baba Soja ya riƙe aikin da hannu biyu, domin a can aka haife shi, dattawan da suka ba shi aikin kuma tare suka yi kiwon awaki suna yara. Maigidana ma ya ɗauka da zafi. Ya ce ba za a zauna a kan aikinsa a Dirin Daji a ce mutanen Zuru ba su iya ba.

Sai ruwa ya ƙi ɗaukewa. A yi da safe, a yi da rana, sama ta yini a murtuke. Fenti ba ya son laima, da iska ta kaɗo masa feshin ruwa sai ya dushe ya yi fari-fari. Ga ƙwari da shinge suna faɗawa kan ɗanyen aiki su manne, bencin da aka gama da hantsi kafin la'asar sai an sake goge shi. Maigidana ya samo leda mai kauri ya toshe tagogin, ya rataya buhu a ƙofar tsakiya, bayan shagon ya koma kamar cikin tulu. A daidai lokacin ne tinar da ya saba saya ta yanke a kasuwa, wai motar kaya ta maƙale a hanya. Wani baƙon ɗan kasuwa mai yawo da kayan fenti a bayan mota ya sayar masa da wata babbar jarka shuɗiya, ba takarda ba rubutu a jikinta. Ya dawo gida yana yabonta. Ya ce kafin ka juya ta bushe, kuma ba ta da ƙaurin waccan, ƙamshi ma take yi.

Makaranta tana hutu, don haka ni nake kai masa abincin rana. Ranar da na fara ɗaga buhun nan na leƙa, sai da na ja da baya. Wani zaƙi-zaƙi ne a iskar, kamar na alewar da ta narke a rana, yana hawa kai tsaye tsakiyar kai. Inji yana ruri, hazo fari ya cika ɗakin, shi kuma yana tsakiya ya ɗaura tsohon ɗankwalina a hanci.

Na ce, "Malam, a cikin wannan kake yini?"

Ya kashe injin ya fito yana dariya, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ke ce ba ki saba ba. Mu da muke ciki ba ma jin komai."

"To ka buɗe taga ɗaya mana."

"In buɗe ƙwari su shigo su yi mini zane? Bari mu gama tukuna, sai a yaye ledar."

Baba Soja yana gefe yana fere ƙafar benci, bai ɗago ba ya ce, "Madam, na gaya masa ya riƙa fitowa yana shan iska. Ba ya ji. Ni in na shiga ɗauko guduma, kaina juyawa yake."

Na ajiye kwanon na koma gida, amma na kasa zama. Na share tsakar gida duk da na share da safe. Na ɗauko wanki na jiƙa, na bar shi a bahon. Ba zan ce na san wani abu zai faru ba, ban sani ba. Kawai dai jikina ya ƙi kwanciya.

Ciwon kai ya fara yi. Ya biya kemis ya sayo farasitamol, ya riƙa sha da safe, ya sha da rana, ya ƙara idan ya dawo, wani lokaci ya manta ya sha ya sake sha. Daga nan abinci ya fita ransa. Mutumin da ba ya barin loma a kwano, sai ya taɓa tuwo ya ture ya ce miyar tana tayar masa da zuciya. Ya fara amai, yana dafe gefen cikinsa na dama. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, damina ce, kowane gida akwai mai kwance. Ya sha maganin zazzaɓin ya koma shago, ya ƙara wasu kwanaki a cikin ledar nan, domin bencunan sun kusa kammaluwa.

Wata safiya yana alwala a bakin rariya, rana ta ɗan leƙo bayan an kwana biyu ba a gan ta ba, ya ɗago ya dube ni zai yi magana. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na matsa na ja fatar idon ƙasa da yatsana, shi kuma yana ta cewa mene ne, mene ne.

Mahaifiyarsa, Inna, tare muke zaune da ita tun rasuwar mahaifinsa. Mutuniyar ƙasar Kabi ce, har yau harshenta bai sauya ba. Ta fito ta duba ta ce, "Wanga ai shawara ta. Ubanai ma ya yi ta, ni na yi mai magani."

Na ce, "Inna, da mun je asibiti an duba."

"Mi za su yi mai can? Shawara ba ta son allura, kowa ya san haka."

Ta aika aka samo mata saiwar rawaya, ta jiƙa ta dafa ta tace, ta zauna a gabansa sai ya shanye. Ban hana ba. Ni ma da shi aka yi mini magani ina yarinya, na kuma warke. Amma na riƙa shiga ɗakin ina fita kamar wadda ta ajiye abu ta manta inda yake. In taɓa goshinsa, ba zafi sosai. In leƙa fitsarin da ya yi a gwangwani, ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Barci yake ta yi da rana, in an tashe shi ya amsa da ƙyar ya koma.

Ranar da hankalina ya tashi gaba ɗaya, la'asar ce. Ya lallaɓa ya yi alwala ya tayar da salla a ɗaki, ya yi raka'a ɗaya, sai ya tsaya yana kallon bango. Ya sake kabbara, ya sake tsayawa. Sannan ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Na kama hannunsa zan zaunar da shi, na ji hannun yana karkarwa, yana faɗuwa yana tashi da kansa. Inna tana bakin ƙofa, kofin maganin a hannunta. 

Na fita ko mayafi ban yafa daidai ba, na tare ɗan kabu-kabu zuwa shago. Baba Soja yana ganina ya ajiye zarto. Bai tambaye ni dogon bayani ba, ya je tasha ya samo mota, ya shiga har ɗakinmu ya saɓo maigidana a kafaɗa kamar buhun dawa. Mutum ne da ya haura sittin, amma ban ga ya yi nishi ba.

A asibitin garinmu aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Washegari likitan ya ce ba zazzaɓi ba ne, ba taifot ba, kuma ba a ga ƙwayar cutar hanta da aka saba gani ba. Ya ce amma hantar tana cikin wahala sosai, abin ya fi ƙarfin kayan aikin da suke da su, mu wuce Sakkwato kada mu tsaya. Na bar yara a hannun maƙwabciyata. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Ban taɓa jin tsawon hanya kamar na wannan rana ba. Muka bi ta Dabai, Mahuta, muka nufi Koko, ruwa ya cinye titi, direba yana kauce wa wannan rami yana faɗawa wancan. Maigidana yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyar Inna, ƙafafunsa a kaina. Wani lokaci ya yi surutai, wani lokaci ya yi shiru har sai na sa yatsa a ƙarƙashin hancinsa. Duk shingen jami'an tsaro da muka tsaya, sai in ji kamar in fita in tura motar da hannuna. Baba Soja yana gaba, shi yake sauke gilashi ya yi musu magana irin tasu ta bariki, su leƙa baya su ɗaga mana hannu. A Jega direba ya tsaya shan mai, na fito na zagaya motar, na sake zagayawa, har Inna ta ce, "Ke ɗiyata, shigo ki zamna, kina ƙara mani tsoro."

Likitar da ta karɓe mu a Sakkwato mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, siririya mai magana a hankali. Bayan an kwantar da shi an sa masa robobi, ta kira mu gefe ta fara tambaya. Yana shan giya? Na ce ko kusa. An taɓa ƙara masa jini? A'a. Wane magani ya sha? Na faɗi na zazzaɓi da farasitamol, ta tambayi yawansa, na ce ban iya ƙirgawa ba amma da yawa. Na gargajiya fa? Inna ta sunkuyar da kai ta ce ita ta ba shi saiwar rawaya. Likitar ta gyaɗa kai kawai. Sai ta ce, "Mece ce sana'arsa?"

Na ce fentin feshi.

Ta ɗago ta dube ni sosai. "A fili yake yi ko a ɗaki?"

Baba Soja ne ya amsa. Ya ba ta labarin ledar da buhun, da shuɗiyar jarkar da ba rubutu, da yadda ƙamshinta yake juya kai. Ni kuma na ƙara da wankin hannu. Ta saurara har muka gama, sannan ta jawo kujera ta zauna, abin da ban ga wani likita ya yi mana ba tun da muka fara yawon nan.

Ta ce, "Hanta ita take tace duk abin da ya shiga jini, ko ta baki ya shiga, ko ta hanci, ko ta fata. Masu bincike sun gano cewa wasu sinadaran da ake zubawa a irin wannan ruwan suna iya ƙona hanta cikin ɗan lokaci, har ta tsaya da aiki, musamman idan mutum ya shaƙa da yawa a wuri rufe. Ba kowace tina ba ce, kuma ba kowa yake kamuwa ba. Amma abin da kuka faɗa ya yi kama da haka. Farasitamol ɗin da ya yi ta sha a kai kuma ya ƙara wa hantar nauyi."

Inna ta ɗago. Ta ce, "Likita, gaya mani gaskiya. Maganin da ni ba shi, shi ya kashe shi?"

Likitar ta ce, "Inna, bai mutu ba. Kuma tun kafin ki ba shi komai idonsa ya riga ya sauya, ko ba haka ba? Kada dai a ƙara ba shi wani abu sai wanda muka bayar."

Na tambaye ta ko akwai allurar da za ta wanke abin daga jikinsa. Ta ce akwai maganin da za su ba shi saboda farasitamol ɗin, sauran kuwa hanta ce take gyara kanta idan ta samu lokaci, aikinsu shi ne su riƙe shi da rai har ta samu. Na ce in ba ta samu ba fa? Ta ce mu yi ta addu'a.

Baba Soja ya juya Zuru washegari. Ya yaye ledar, ya buɗe tagogi, ya tsiyayi ruwan jarkar a ƙaramar kwalba ya ba wani direba ya kawo mini. Na kai wa likitar da saurina, ina ganin kamar na kawo ƙarshen magana. Ta buɗe ta ɗan kai hanci daga nesa ta rufe. Ta ce ba su da na'urar da za ta faɗi abin da ke ciki, sai dai manyan ɗakunan gwaji a wasu garuruwa, kuma ko an gano sunansa ba zai sauya maganin da ake ba shi ba. Na fito da kwalbar a hannu ban san inda zan ajiye ta ba. Na naɗe ta a leda na cusa a ƙasan jakata.

Kwanakin da suka biyo baya a barandar asibitin na yi su. Inna takan shimfiɗa tabarma ta zauna da carbinta tun safe, ba ta motsi sai salla. Ni na kasa. In je bakin ƙofar ɗakin in leƙa, nas ta kore ni, in tafi famfo in wanke kofin da yake a wanke, in dawo. Na riƙa bincike a waya da ɗan Turancina na malamar firamare, ina cin karo da sunayen sinadarai masu tsawo da ban iya furtawa ba, da labaran ma'aikatan masana'antu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. In karanta wanda ya tashi in ji sanyi, in gangara ƙasa in ga wanda bai tashi ba, in kashe wayar, can in sake kunnawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ashe an san wannan abu, an rubuta shi, yana nan a ajiye tun tuni, amma bai taɓa isowa bayan tashar Zuru ba.

Akwai ranar da jini ya riƙa fito masa ta dasashi, aka ce a nemo masu ba da jini. Ban san kowa a Sakkwato ba. Na kira Baba Soja ina kuka, shi kuma ya kira wani ɗan ƙauyensu da ke aiki a barikin garin. Kafin azahar sai ga samari uku cikin kaki suna tambayar matar mai fenti daga Zuru. Ban san sunan ko ɗayansu ba har yau. Suka bayar suka tafi, ɗayansu ma har ya sayo wa Inna lemo.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Likitar ta fara cewa sakamakon gwajin jinin ya daina hawa. Bayan nan ta ce ya fara sauka. Wata ranar da hantsi aka bar mu muka shiga, Inna ta zauna a ƙasa kusa da gadon kamar yadda ta saba, ni ina gyara masa zane. Sai na ji murya a dushe ta ce, "Inna, me kike yi a ƙasa? Ba kujera ne?"

Inna ta saki carbin ta kama ƙafarsa. Ni kuwa na fita baranda da gudu, na tsaya ina riƙe da ƙarfen barandar. Da na dawo ya dube ni ya ce, "Malama, kin rame. Ina yara?" Bai tuna komai ba tun daga ranar da ya yi alwala a bakin rariya. Da muka ce masa a Sakkwato yake, sai ya ɗauka wasa muke yi.

Ranar sallama likitar ta yi masa magana a gabana, ba ta sassauta ba. Ta ce hantarsa ta dawo, amma kada ya sake kusantar tina, kowace iri ce, kuma kada ya sha magani ko na ciwon kai ne sai ya tambaya. Ya ce, "Likita, ita ce sana'ata tun ina saurayi." Ta ce, "Na sani. Ka nemi wata."

Mun dawo gida dawa ta fara ja a gonaki. Ya rame har rigunansa suna yawo a jikinsa, tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. Bencunan kuwa an riga an kai. Baba Soja ya fito da ragowar zuwa ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya shafa musu fenti da burushi, shi kaɗai. Da ya zo gaisuwa ya nuna wa maigidana hotonsu a waya, maigidana ya ƙura ido ya ce, "Baba, wannan da tsintsiya ka shafa?"

Baba Soja ya ce, "Naka suna gaba inda baƙi suke zama. Nawa suna baya wurin masu barci."

Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da aka kwantar da shi. Bayan bikin nasu, dattawa biyu da wasu mata daga cocin suka zo har gida da buhun sabuwar masara da kaji. Suka zauna a zaure suka yi masa addu'a irin tasu, Inna tana daga ciki tana amsawa da amin.

Ni dai ban samu natsuwa ba. Jarkar tana nan a shago, Baba Soja ya ɗaure bakinta ya tura ta lungu, domin mun rasa inda za mu zubar. In an zuba a rariya, rafi za ta. In an haƙa rami, akwai rijiyoyin mutane. Baƙon da ya sayar da ita bai sake biyowa ta Zuru ba, ko ya biyo ba mu gan shi ba, kuma ban san ko shi kansa ya san abin da yake sayarwa ba. Na riƙa tunanin sauran jarkokin da ke bayan motarsa, da garuruwan da ya nufa. Ranar Asabar idan ba makaranta sai in ɗauki mayafi in bi shagunan masu fenti da masu gyaran babur ina ba su labari. Wasu suka saurara, ɗaya har ya fito da aikinsa waje a gabana. Wasu suka ce ciwo daga Allah ne, su sun shekara ashirin suna yi ba abin da ya same su. Wani ya tambaye ni sunan sinadarin, na ce ban sani ba, ya ce to me zai guje wa? Na ja mayafina na wuce shago na gaba.

A gida kuma ga maigidana, ƙarfi yana dawowa, zama yana gundurarsa. Ya gyara ƙofar kicin da ba ta lalace ba. Ya riƙa zuwa shago wai gaisuwa, in ya dawo in tsare shi da tambaya ko ya shiga ciki. Mun yi faɗa a kan haka fiye da sau ɗaya. Wata rana ya ce, "Malama, so kike in zauna kina ciyar da ni kamar ɗan yaye?" Na ce ina so in ga yaranmu sun girma da uba. Ya fita bai ci abinci ba. Daga baya ya ba wani abokin sana'arsa injin feshin, da sharaɗin a fili zai riƙa aiki. Ranar da aka zo ɗauka bai fito daga ɗaki ba.

Da damina ta zagayo, wansa da ke noma a wajen Sakaba ya yanka masa gona. Yanzu can yake yin mako, ya dawo ranar Alhamis da yamma a kan babur, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Yana cin tuwo kamar da. Hanyar ba kullum take da lafiya ba saboda 'yan bindiga, kowa a yankin nan ya san haka, don haka tun azahar nake fara leƙa ƙofa ina duba waya. A wata dawowar ya ce mini ciyawa ta fi ƙarfinsu bana, wansa yana so su sayi maganin feshi.

Na ajiye ludayin da ke hannuna na ce, "Wa zai fesa?"

Ya ce, "Na gaya masa ba ni ba. Ya ce zai nemo mai yi."

"Shi mai yin fa, da me zai rufe hancinsa?"

Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, ya ce zai saya masa takunkumi da safar hannu a kasuwa kafin ya koma. Na ce ni zan sayo da kaina gobe idan an tashi daga makaranta. Ya ce to, ya jawo kwanon ya ci gaba da cin abincinsa, ni kuma na tashi na shiga ɗaki neman jakar da zan tafi da ita kasuwa.